Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Kayan Tarihin Reluwe na Zungeru: A Ƙirga Su, A Yi Musu Rufi, Kafin A Yi Zancen Sabon Gini

Zuwa ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Gwamnatin Jihar Neja, da Majalisar Ƙaramar Hukumar Wushishi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da aiki.

Da gangan muka haɗa ku ku huɗu a takarda ɗaya. Tashar jirgin ƙasa ta Zungeru da ƙarafanta da gidajen ma'aikatanta dukiyar reluwe ce. Dokar da ke kare kayan tarihi tana hannun hukumar gidajen tarihi, wadda aka kafa a 1979. Kuɗin yawon buɗe ido da na ilimi suna wajen jiha, mutanen da za su yi gadi su kuma kawo 'ya'yansu kallo suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma. In aka rubuta wa ɗaya shi kaɗai, zai ce magana tana wajen ɗan'uwansa, kuma ba ƙarya ya yi ba. A tsakanin wannan nuna juna ne tsatsa da gara da 'yan gwangwan suke cin kasuwarsu.

Abin da muke roƙo ƙarami ne: gidan tarihi na gari, mai ɗaki biyu ko uku, a cikin harabar tasha, wanda zai riƙe labarin layin dogo a Zungeru. Kuma muna roƙon a bi aikin daki-daki yadda ya kamata, domin mun san yadda aka saba yi a ƙasar nan. A fara da zanen katafaren gini, a aza harsashi da kiɗa da jawabi, kuɗi su ƙare a linta, kayan da aka ce za a zuba ciki kuwa suna can waje ruwa yana dukansu.

Wanda ya tsaya a Zungeru yau, garin da dattawa ke kira Dungurum, zai yi mamakin jin cewa nan ne jirgin ƙasa ya fara gudu a Arewa. Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya tashi hedkwatarsa daga Jebba ya dawo nan a 1902. Jiragen ruwa da ke hawo kogin Kaduna ba sa iya isowa gari, don haka aka shimfiɗa ɗan siririn layi tsakanin Wushishi da Zungeru a ƙarshen 1901, aka ja shi zuwa Barijuko a bakin kogi a 1902, tsawonsa duka wajen mil 22. Faɗinsa, wato tazarar da ke tsakanin ƙarfe biyu, ƙafa 2 da inci 6 ne. Bai yi tsawon rai ba: wajen 1910 aka daina aiki da shi, aka kwashe ƙarafansa aka kai su aikin ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya nufi wuraren haƙar kuza na Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Kan jirgi na farko na wannan layi, ƙirar kamfanin Hunslet na birnin Lids a Ingila, shi ne wanda aka ajiye a tashar Minna, yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa tare da kangon Gidan Gwamna na Zungeru.

Akwai wani kuskure da muke roƙon kada ya hau allon bayani tun ranar farko. Mutane da yawa suna haɗa Zungeru da layin Baro zuwa Kano, wanda aka soma a zamanin Gwamna Girouard, injiniyan reluwe da ya gaji Lugga a 1907, ya kuma isa Kano a 1911. Wancan layi ta Minna ya bi, ya wuce Kaduna da Zariya. Zungeru tana kan reshen da ya taso daga Legas, ya ƙetare Kwara a Jebba, ya haɗu da na Baro a Minna. A 1912 aka haɗe hukumomin layukan biyu suka zama ɗaya, gadar Jebba kuwa sai a 1916 ta kammala, kafin nan a jirgin fito ake tsallakar da taragu. Haka nan gadar ƙafa ta Lugga da aka cire daga Zungeru aka kai Kaduna, gadar mutane ce, jirgi bai taɓa hawanta ba. Gidan tarihin da ya ruɗa waɗannan abubuwa, malamin tarihi na farko da ya shigo zai fita yana girgiza kai, ɗalibansa kuma ba za su dawo ba.

Aiki na farko shi ne ƙirga, kuma ba ya buƙatar kwangila. Mutum huɗu sun isa: tsohon ma'aikacin reluwe da ya san sunan kowane ƙarfe, jami'in gidan tarihi, mai ɗaukar hoto, da wakilin hakimi. Su bi harabar tasha daga sigina ta wannan gefe zuwa ta wancan, su shiga kowane ɗaki da sito da gidan ma'aikata, da rani bayan ciyawa ta kwanta, domin da damina rabin abin da ake nema yana ƙarƙashin gamba. Duk abin da aka gani a ba shi lamba mai kashi uku, shekara da rukuni da lambar kansa, misali 2025.3.14, a rubuta ta a littafin rajista mai ɗinki da shafuka masu lamba. Littafi mai ɗinki muke nufi, don ba a zare masa shafi ba tare da an gane ba. Kwamfuta ta zo daga baya a matsayin kwafi. A auna tsawo da faɗi, a rubuta inda aka same shi, a ɗauki hoto aƙalla uku da rula a gefe, ɗaya daga cikinsu na rubutun da ke jikin kayan. Littafin ya zama kwafi uku, ɗaya a ofishin reluwe, ɗaya a gidan tarihi na Minna, ɗaya a fadar hakimi. Amfaninsa yana fitowa ranar da aka tare mota da ƙarfe a bayanta. Abin da ke da lamba da hoto, ɗan sanda yana da hujjar kiransa kayan sata. Wanda ba shi da su kuwa, tsohon ƙarfe ne kamar kowane, kilo nawa ne.

Me za a nema? Ƙararrawar tasha da agogonta, fitilun hannu masu gilashi ja da kore, tutoci, sikelin auna kaya, injin buga kwanan wata a tikitin kwali da akwatin jera tikitin, na'urar tangarahu, sanda ko farantin ƙarfe da ake miƙa wa direba a matsayin izinin shiga layi mai hanya ɗaya, hannayen canjin layi, famfon ba kan jirgi ruwa da tankinsa, alamomin mil da ke gefen hanya. Sannan ƙarafan layin su kansu, waɗanda aka fi rainawa alhali su ne suka fi kowa bakin magana. A jikin kowane ƙarfen dogo, a siririn tsakiyarsa, masana'anta tana fitar da sunanta da shekarar ƙira da nauyinsa, laba nawa a kowane yadi. A goge da burushin waya, a shafa alli, rubutun zai fito. Tsofaffin ƙarafa ba kasafai suke kan babban layi ba, domin an sha canza su. Ana samun su a layukan gefe, ko an kafa su shinge, ko ginshiƙin rumfa, ko an ɗora su gadar kwalbati. A duba waɗannan wurare da kyau. Ƙarfe mai laba 60 a yadi yana kai kusan kilo 30 a kowace mita, ke nan guntun mita 3 ya kusa kilo 90, maza huɗu za su ɗauka. Ba sai an jira motar ƙugiya ba.

Da irin waɗannan guntaye za a iya yin abin kallo mafi arha kuma mafi koyarwa a wurin baki ɗaya. A shimfiɗa layi uku gefe da gefe a tsakar fili, kowanne mita 3: na milimita 762 irin na Wushishi, na milimita 1,067 irin wanda har yau yake ratsa Zungeru, da na milimita 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Yaro ya tsaya ya buɗa ƙafa a kan na farko, ya gwada a na ukun ya kasa. Daga nan ya gane dalilin da ya sa sabon jirgi ba zai taɓa hawa tsohon layi ba, abin da manya da yawa ba su gane ba har yanzu.

Aiki na biyu rufi ne. Duk ɗakin da reluwe za ta bayar, a hau sama kafin a taɓa bango. A canza kwanon da ya ɓule, a ƙwanƙwasa kowane katakon rufi da guduma, wanda ya yi ƙarar ganga gara ta cinye cikinsa. A gyara indararo, a tona magudana ta janye ruwa aƙalla mita 2 daga gindin bango. A toshe kafofin da jemage ke shiga da raga, bayan sun fita da magariba, domin kashinsu yana cin ƙarfe da takarda. Akwai kuma kuskuren da magina ke yi da kyakkyawar niyya: su ga tsohon bangon jan bulo ko dutse da aka gina da farar ƙasa, su yaɓe shi da suminti mai ƙarfi su bi da fentin mai. Tsohon bango numfashi yake yi, danshin da ya sha daga ƙasa ta jikinsa yake fita. In aka rufe shi da suminti, ruwan ya maƙale, gishiri ya taru, cikin damina uku ko huɗu yaɓen ya fara kumbura yana faɗowa da fuskar bulon. A yi gyaran da farar ƙasa da yashi, a yi shafe da farar ƙasa. Tagogi da ƙofofin asali a gyara su, kada a tumɓuke a sa na alminiyam. In tsaro ake ji, a sa ƙarafan kariya daga ciki.

A kewaye ginin kuma da share fili mai faɗin mita 5 zuwa 10 kafin watan Nuwamba kowace shekara. Gobarar daji ta masu farautar gafiya ba ta san kayan tarihi ba.

Yanzu ga maganar da muka san za ta fi jan hankali, wato kan jirgin da ke Minna. Mutanen Zungeru da Wushishi suna da hujja in suka ce nasu ne. Amma shawararmu ita ce kada a taɓa shi sai an cika sharuɗɗa, kuma ko an bar shi a Minna, kulawar da yake buƙata ɗaya ce. Kan jirgi mai tururi da ke tsaye a fili daga ciki yake mutuwa. Ruwan sama yana shiga ta bututun hayaƙi ya sauka a akwatin gaba inda tsohuwar toka da baƙin hayaƙi suka taru. Tokar kwal tana da farar wuta, in ta jiƙe sai ta zama ruwa mai cin ƙarfe, ta huda ƙasan akwatin. Don haka a kwashe tokar tas, a rufe bakin bututun da murfi mai ɗan wurin shan iska, a buɗe matosan ƙasa na tukunyar tururi da tankunan ruwa yadda komai ya shiga zai tsiyaye. A yi masa rumfa mai faɗin da ya wuce jikinsa da aƙalla mita 1.5 ta kowane gefe, a bar gefunan a buɗe iska ta ratsa. Kada a lulluɓe shi da tamfol ko leda. Zufa yake yi a ciki ya fi wanda ke fili saurin ruɓewa. Ya zauna a kan guntun layinsa na milimita 762, a kan tsakuwa mai tsiyayar da ruwa, kada ƙafafunsa su taɓa ƙasa, kada kuma a binne su a kankare.

Kafin kowa ya kwance murfin da ke lulluɓe da tukunyar, a sani cewa tsofaffin kawunan jirgi da yawa an naɗe tukunyarsu da asbestas don riƙe zafi. Abu ne fari mai kama da auduga ko alli, ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo cutar da ba ta bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin. In aka ga alamarsa, a dakata, a jiƙa shi, a rufe, a kira masu horo a kai. Tsohon fenti ma yawanci yana da dalma, saboda haka ba a kankare shi a bushe ba takunkumi, ba a kuma ƙona shi da wutar walda. Wajen cire tsatsa, burushin waya na hannu da haƙuri sun fi injin fesa yashi, wanda ke share lambobin da aka buga a jikin sassa ya kuma huda ƙarfen da ya riga ya yi siriri. Bayan gogewa a shafa maganin da ke mayar da tsatsa baƙa ya tsayar da ita, a bi da jan fenti na ƙasa shafi biyu, sannan launin sama shafi biyu, duk da rani lokacin da ƙarfe ya bushe. Kafin a zaɓi launi, a kankare ɗan wuri kamar faɗin akwatin ashana a wani lungu, a ga jerin fentin da aka yi masa tun farko, a ɗauki hoto. Abin takaici ne a ga an yi wa injin shekara ɗari da ashirin kore da fari don kawai ana biki. Sandunan da ke juya ƙafafu ba a yi musu fenti, giris ake shafa musu a sabunta sau biyu a shekara. Farantan tagulla masu sunan kamfani da lamba kuwa, su ne ɓarawo ke fara nema. A kwance su a adana a ciki, a sa kwafi a madadinsu.

In rumfa ta tsaya a Zungeru, mai gadi yana karɓar albashi wata shida a jere ba fashi, to a lokacin sai a zauna a yi maganar aro a rubuce tsakanin hukumomi, da wa'adi da sunan wanda zai amsa tambaya in wani abu ya ɓace. Ɗaukarsa ma da ƙa'ida: daga ƙarƙashin firam ake ɗagawa da majanyu masu faɗi, ba a rataya sarƙa a tukunya ko a bututu.

Takardu sun fi ƙarfe saurin tafiya, kuma su ne ba a iya ƙerawa. Littafin shiga da fitar jirage, takardun kaya, rajistar albashi, jadawalin tafiya, taswirar tasha, wasiƙun koke. A cikin takardar kaya guda ɗaya ana ganin buhun gyaɗa nawa, goro kwando nawa, fata, gishiri, shanu, daga ina zuwa ina, a kan nawa. Duk wanda ya buɗe tsohon sito ya tarar da su a tule, kada ya karkaɗe, kada ya shanya a rana. A sa safar hannu da takunkumi, a ɗauke su yadda suke a jere, domin jerin da ma'aikaci ya bar su shi ma bayani ne. Waɗanda ƙwari ke ciki a sa su a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako biyu, a fito da su a bar su cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe don raɓa ta sauka a waje. Wannan sai inda wuta ba ta yankewa, shi ya sa ya fi kyau a yi shi a Minna ko Kaduna. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi ba su da wuri a nan, suna tabo suna kuma cutar da mai karatu.

A zare duk fil da kilif da suka yi tsatsa. Salatif haramun ne a wannan aiki, domin gam ɗinsa yana nutsewa cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Laminatin ya fi shi muni: zafi da roba suna haɗewa da takardar har abada, kuma abin da mutane suka fi yi ke nan in suna son nuna ƙauna ga tsohuwar takarda. Lamba da fensir mai taushi ake rubuta ta a baya, ban da biro. A sa su a aljihun takarda marar asid, cikin kwalaye, a kan kantar ƙarfe da ta tashi daga ƙasa da santimita 15 ta kuma ja baya daga bango, yadda za a ga hanyar gara in ta fara gini. A rataya ma'aunin danshi, ɗan ƙaramin abu ne mai arha, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. In ya wuce 65 cikin 100 ya zauna a can kwanaki, kamar yadda yake yi a Agusta da Satumba a wannan yanki, fumfuna tana tafe. A buɗe tagogi da rana, a kunna fanka. Da hunturu kuma matsalar ta juye, takarda ta bushe tana karyewa, sai a rage taɓa ta. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa uku ta mutu awa goma ta fi rashinta illa, domin hawa da saukar danshi ne ke gajiyar da takarda.

A ɗauki hoton kowane shafi da na'urar sikana a ma'aunin ɗigo 300 a inci, hotuna kuma 600. Kwafin ne za a kafa a bango, na asali ya zauna a duhu, domin tawada da hoto suna kwaɗewa a haske cikin 'yan shekaru. Abin da babu a Zungeru a nemo kwafinsa daga Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin sakateriyar Arewa suke, da Gidan Arewa, da ƙaramin gidan tarihin reluwe da ke Ebute Metta a Legas.

Akwai rukuni na uku da ya fi takarda ma gaggawa, wato tsofaffin da suka yi aikin. Direbobi da masu zuba kwal na zamanin tururi sun yi ƙaranci ƙwarai. Ga masu duba layi da ƙafa, ga matan da suka yi shekaru suna tallar abinci ta tagar jirgi, ga fatake. A je musu gida, a nemi izininsu a farkon naɗi da bakinsu, a yi hira da harshen da suka fi sakewa, Hausa ko Nufanci ko Gwaranci ko Yarbanci ko Ibo. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya, a koma sau biyu ko uku. Na'urar ta kasance kusa da baki, a kashe fanka da janareta. Dabarar da ta fi aiki ita ce a miƙa wa tsoho fitilar sigina ko tikiti a hannu a ce ya nuna yadda ake yi. Abin da tambaya goma ba ta fitar ba, hannunsa zai tuno masa. A ba iyalinsa kwafi. Kayan da iyalai suka kawo, hula ko usur ko takardar sallama, a rubuta a fili kyauta ce ko aro, kowa ya sa hannu, don kada jikoki su zo da rigima bayan shekara goma.

Labarin da za a kafa a bango kuma kada ya tsaya kan Lugga da injiniyoyinsa. Layukan nan da diga da kwando aka yi su. Turawa ta hannun sarakuna da hakimai suka riƙa karɓar leburori, kowane gari da adadin da aka ɗora masa, kuma Nufawa da Gwarawa na wannan yanki sun ɗauki kaso mai nauyi. Har yau in Bahaushe ya ce aikin diga, ba daɗi yake nufi ba. A faɗi wannan. A faɗi cewa auduga Turawa suka sa rai jirgi zai kwaso daga Kano, manoma da 'yan kasuwa suka zaɓi gyaɗa daga 1912. A faɗi yadda hedkwata da reluwe suka tara ƙabilu a gari ɗaya, har aka haifi Nnamdi Azikiwe a nan a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. A faɗi kuma yadda gari ya yi sanyi bayan an mayar da hedkwata Kaduna a 1917, ya rage tasha ce ke riƙe da shi. Kowane allo kada ya wuce kalma 60, da manyan haruffa, a daidai idon mai tsaye, Hausa a sama da boko da ajami, Turanci a ƙasa. Ga wanda ba ya karatu, ɗan lasifika mai aiki da hasken rana da muryoyin tsofaffin nan ya wadatar.

Abin da ke kashe ƙananan gidajen tarihi ba ya wuce shekara ta biyu, lokacin da baƙin buɗewa suka watse. Saboda haka a rubuta kuɗin gudanarwa a kasafi tun kafin a sayi kwano: ma'aikaci ɗaya mai horo daga hukumar gidajen tarihi, mataimaki ɗan gari, masu gadi biyu na dare da rana, fenti da giris na shekara, abin kashe gobara da ake sabuntawa. Makullin sito ya zama biyu a hannun mutum biyu. Sau ɗaya a shekara a ɗauki rajista a bi kaya ɗaya bayan ɗaya a gaban wakilin hakimi, a sa hannu. A buɗe ranar kasuwa da Asabar ko da sauran ranaku za a rufe, a kuma tsara da sakataren ilimi kowace firamare da sakandare ta ƙaramar hukumar ta zo sau ɗaya a zango.

Ga Hukumar Jiragen Ƙasa, abu biyu muke jira daga gare ku, kuma duka da alƙalami ake yin su. Na farko, takardar da ta ware ɗakuna da filin da za a yi amfani da su, da wa'adi mai tsawo, ta hannun kamfaninku mai kula da kadarori. Na biyu, umarni cewa kada a yi gwanjon wani tsohon ƙarfe ko tarago daga Zungeru, Wushishi, Minna ko Baro sai jami'in gidan tarihi ya duba ya sa hannu cewa ba ya cikin abin da za a adana. Gwamnatin jiha kuma, tun gyaran tsarin mulki na 2023 harkar jiragen ƙasa ta shiga cikin abubuwan da jihohi ke da ta cewa a kansu, ke nan zama da reluwe a kan wannan magana bai fi ƙarfinku ba. Ciyawa tana bushewa a Disamba. Muna roƙon mutum huɗun nan su shiga harabar tasha da littafinsu a watan Janairu, a kuma kafe kwafin abin da suka ƙirga a ƙofar sakateriyar Wushishi inda kowa zai karanta.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu tsofaffin ma'aikatan reluwe da masu aikin adana kayan tarihi.